Kifin Salmon da Miyar Teriyaki: Abin da Ya Kamata a Duba Kafin a Saya

Teriyaki girkin Japan ne wanda ake shafa wa kifi ko nama miya mai zaƙi da gishiri har ta kama jikinsa tana ƙyalli, kuma idan kayan haɗi na nan a hannu, ba ya wuce rabin awa, shi ya sa ya dace da abincin dare a ranar aiki. Sai dai tun a kanti ake yanke hukuncin yadda zai fito.

Yawancin salmon da ke kasuwa na kiwo ne, irin na tekun Atlantika, kuma Norwe ce ta fi kowace ƙasa samar da shi, Chile na biye da ita. Wannan kifi yana da maiƙo, ana ganin fararen jijiyoyin kitse a tsakanin tsokarsa, saboda haka ko ya ɗan wuce lokaci a kan wuta ba ya bushewa. Wanda ake kamowa a teku kuwa, da yawansa daga jihar Alaska ta Amurka yake fitowa, inda doka ta hana kiwon kifi a keji tun 1990. Sockeye, wanda ya fi shahara a cikin ire-iren salmon da ake kamowa a teku, ja ne jawur, ɗanɗanonsa ya fi ƙarfi, amma yankansa siriri ne kuma kitsensa kaɗan, minti biyu na sakaci sun isa su busar da shi. Tun da miyar teriyaki takan rufe ɗanɗanon kifi, a ganina biyan tsadar sockeye domin wannan girki asarar kuɗi ce. Na kiwo ya wadatar.

Kada kuma a raina daskararre, domin sau da yawa ya fi wanda ya kwana biyu a kan ƙanƙara ana kiransa sabo. A zaɓi yanka mai kauri, mai fata a jiki, wanda ledarsa ba ta huje ba kuma ƙanƙara ba ta taru a ciki ba, sannan a sauke shi cikin firji tun daren jiya ya narke a hankali. Inda salmon ya yi tsada, kamar a Najeriya da ake shigo da shi, kifin titus zai maye gurbinsa, kuma Japanawa kansu suna yin teriyaki da irinsa.

Miyar ce ta fi buƙatar natsuwa. A asali ana haɗa ta da ruwan waken soya (baƙin ruwa mai gishiri da ake kira soy sauce), sukari, da wasu abubuwa biyu da ake yi da shinkafa, wato sake da mirin. Sake giya ce, mirin na ainihi kuma yana ɗauke da barasa kusan kashi 14 cikin ɗari, kuma wasu miyoyin kwalba suna rubuta giya a jerin kayan haɗinsu. Musulmi mai saye sai ya juya kwalbar ya karanta, ko ya nemi tambarin halal. Kamfanin Kikkoman ma yana da ruwan soya mai wannan tambari. Akwai kuma bambanci tsakanin mai ruwa-ruwa, wadda ake jiƙa kifi a ciki, da mai kauri wadda aka sa wa sitaci, ita kuwa sai a ƙarshen girki ake shafa ta, in ba haka ba sukarinta ya ƙone ya yi ɗaci. Ni dai na fi son haɗin gida: cokali uku na ruwan soya, biyu na zuma, ɗaya na khal, da ɗanyar citta da tafarnuwa, a tafasa har ta fara manne wa bayan cokali. Kwalbar ruwan soya guda za ta yi girki da yawa, kuma mai girki ne zai daidaita zaƙin da kansa.

Kayan lambun da za a ci da kifin ba su da wuyar zaɓi: burokoli, koren wake, tattasai da albasa duk suna nuna da sauri. Karas ne ke ɗaukar lokaci, sai a yanka shi siriri ko a riga sa shi a kasko. Daskararrun kayan lambu suna rage aiki, amma suna sakin ruwa da ke tsinka miya, don haka gara a soya su daban a kan wuta mai ƙarfi.