Hattara da masu tallar fulogin "iridiyom na Japan" a Facebook

Jama'a masu mota, wannan abu da ni ya faru. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ke neman dabarar da za ta rage masa shan fetur, kuma ta wannan ƙofar wani ya shigo mini. Na ga tallarsa a Facebook: fulogi huɗu na iridiyom (wani ƙarfe mai tauri da ake sa wa a bakin fulogi) a kwalin kamfanin NGK, haɗe da wayoyin fulogi jajaye masu kauri, duka a ƙasa da rabin kuɗin shago. Ya ce motata, Honda Accord ta 2000, za ta koma shan rabin man da take sha. "Alhaji, kwantena ce ta sauka, saura kaɗan." Na tura kuɗi, ya aiko da kaya ta hannun direba a tasha.

Sati uku ba su cika ba mota ta fara misin. Da safe sai an yi ta murza makulli, a hawa kuma sai ta riƙa fizga. Mai kuwa ya ƙara gudu. Bakanikena ya ce in zo bayan magariba. Ya buɗe bonet a cikin duhu, sai ga wuta shuɗiya tana tsalle daga jikin wayoyin zuwa ƙarfen inji. Robar ce kawai mai kauri, ba ta iya riƙe wutar da kwayil (na'urar da ke ƙara wa wutar fulogi ƙarfi) ke turowa, wadda kan haura volt dubu ashirin.

Da ya kwance fulogin abin ya fi muni. Na gaske yana da ɗan tsini siriri na iridiyom, milimita 0.6 a na NGK, 0.4 a wasu na kamfanin Denso, kuma wannan ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya wuce digiri 2,400. Shi ya sa yake daɗewa. Nawa kuwa ƙarfe ne na banza aka feƙe bakinsa ya yi kama da iridiyom. Biyu sun riga sun cinye, ɗaya kuma farin tangaran ɗinsa ya tsage. Ya ce, "Maigida, gode wa Allah. Da ɓallin nan ya faɗa cikin silinda, da yanzu maganar fistin da ringi muke yi."

Na kira mutumin, layi a kashe. Shafin ma ya sauya suna, yanzu turare yake sayarwa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne alamun suna nan, ni ne ban duba ba. Rubutun jikin tangaran ya ɗan karkace, yana gogewa da farce. Wosha ɗin da ke gindin zare tana zamewa ta faɗo da kanta, alhali ta asali ba ta fita sai da ƙyar. Lambar ma ba ta motata ba ce. Injina ZFR5F-11 yake ɗauka, fulogi ne na talaka, kuma 11 ɗin nan na nufin tazarar baki milimita 1.1. Wato tun farko ba ni da buƙatar iridiyom ɗin, kwaɗayi ne kawai. Babu fulogin da zai raba shan mai biyu a motar da lafiyarta ƙalau.

Wayoyi kuwa kada launi ya ruɗe ku. Ku sa mai wayarin ya auna kowace da mita kafin a ɗaura. Masu Corolla ta 2003 zuwa sama, in wani ya ce zai haɗa muku da wayar fulogi to bai san motar ba, ko kuma ya raina ku: kowane fulogi da kwayil ɗinsa a kai.

Yanzu na koma shagon da bakanikena ya saba saya, na karɓi rasit. Jabun huɗun suna nan cikin akwatin gaban mota, duk wanda ya tambaya ina nuna masa.