Yuka: manhajar da ke karanta maka bayan kwali

Yuka manhajar waya ce da ta fito a Faransa a 2017, kuma saukewa kyauta ne. Kana haska layukan nan baƙaƙe na jikin kwalin abinci da kyamarar wayarka, kafin ka ƙifta ido ta ba shi maki cikin ɗari da ɗigon launi, daga kore zuwa ja. A ƙasa sai ta jero sukari, gishiri da kitsen da ke ciki, in makin ya yi ƙasa ta kawo maka wani mai kama da shi da ya fi shi. Ga mai fama da ƙananan rubutun bayan kwali irina, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Rabon makin ne ban gamsu da shi duka ba. Kashi 60 na fitowa daga Nutri-Score, ma'aunin nan na A zuwa E da gwamnatin Faransa ta amince da shi a 2017, kashi 30 daga sinadaran ƙara launi da hana lalacewa. Ragowar 10 kuwa tukwici ne ga abin da aka noma ba takin zamani ba maganin feshi. To, biskit mai shaƙe da sukari ai yana nan yadda yake, ko da wane taki aka noma alkamarsa. Sannan a kan giram 100 ake lissafin komai, har abin da cokali ɗaya kawai ake zubawa.

Amma me ya sa sai mai saye ya zaro waya a gaban kanta? Saboda saka alamar Nutri-Score a jikin kwali ganin dama ne ga kamfanoni. A 2024, da aka tsaurara lissafin, kamfanin abinci na Danone ya ce zai cire alamar daga yogot ɗinsa na sha. Chile ba ta tsaya lallashi ba: tun 2016 dole ne kayan da sukari, gishiri ko kitsensu ya wuce ƙa'ida su ɗauki baƙin tambari mai kusurwa takwas a gaba ɓaro-ɓaro, ba a sayar da su a makaranta, ba a kuma yi musu ado da zanen katun don jan yara. Can ko marar waya ya gani.

Inda babu irin wannan doka, ku sauke Yuka, tana da amfani. Ni dai jerin sukari da gishirin nake fara dubawa kafin makin.