Bitar TImageCollection da TVirtualImageList na Delphi

Duk wanda ya daɗe yana rubuta manhajar Windows da Delphi ya san halin TImageList, wato jerin ƙananan hotunan da ake sa wa maɓallai. Dole hotunan cikinsa su zama girmansu ɗaya, galibi fiksel 16 tsawo da faɗi, kuma da zarar an sauya Width ko Height (faɗi ko tsawo) sai ya zubar da duk abin da aka tara masa. Lokacin da kusan kowane allo ke kan DPI 96 (yawan ɗigo a kowane inci na allo), wannan bai dami kowa ba, amma a allon da aka ɗaga zuwa kashi 200 cikin ɗari, wato DPI 192, ɗan hoton maɓallin ajiya ko dai ya ƙanƙance har sai an ƙura masa ido, ko kuma a ja shi ya yi dishi-dishi.

Wannan ciwon ne kamfanin Embarcadero ya nufi magancewa a Delphi 10.3 Rio, wanda ya fito a watan Nuwamba na 2018, inda ya raba aikin gida biyu. TImageCollection ma'aji ne kawai, yana riƙe kowane hoto a girma daban-daban ƙarƙashin suna guda. TVirtualImageList kuwa shi ake ɗorawa a kan taga, kuma shi ke duba DPI na allon da tagar take, ya ɗauko girman da ya dace ko ya rage babba ya daidaita shi. Na gwada da hotunan PNG masu fiksel 16 da 24 da 32, na ja tagar daga tsohon allo zuwa mai kashi 150, nan take hotunan suka koma na 24, gefensu tsaf babu gurɓata. A nan dai na yaba ƙwarai, domin ban rubuta ko layi ɗaya ba.

Akwai ƙa'idar da bai kamata a yi wasa da ita ba: ma'ajin guda ɗaya ya wadatar da manhaja baki ɗaya idan an ajiye shi a DataModule, wato mazubin kayan aiki da ba ya bayyana a allo, amma kowace taga tana buƙatar nata TVirtualImageList, tunda tagogi biyu suna iya zama a alluna masu DPI mabambanta a lokaci guda. Ni kaina na fara da tsohuwar ɗabi'a ta haɗa komai wuri ɗaya, sai da na ga hotuna sun ƙi sauyawa sannan na gane kuskuren nawa ne.

Sigar 10.4 Sydney ta 2020 ta ƙara ImageName, ta yadda maɓalli zai kira hotonsa da suna maimakon lamba. Wanda ya taɓa cire hoto na uku daga jeri, ya tarar maɓallin gogewa ya ɗauki hoton na bugawa, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Inda nake da ja shi ne wurin ajiya. Hotunan suna shiga fayil ɗin DFM ne, wanda Delphi ke adana tsarin taga ko DataModule a ciki, a matsayin dogayen layukan lambobi, saboda haka fayil ɗin yana kumbura, kuma idan an sauya hoto ɗaya, abin da Git, manhajar bin diddigin sauye-sauyen fayiloli, zai nuna ba ya karantuwa ga ɗan Adam. Haka nan wahalar tanadar kowane hoto a girma uku ko huɗu tana nan a wuyan mai aiki, abin da ya sa wasu ke komawa ga SVGIconImageList, wanda ba na kamfanin ba ne, yana kuma zana hoton SVG guda, irin hoton da ba ya gurɓata idan an sauya girmansa, a kowane girman da aka nema.