Giranit ko marmara a kicin?

Da muka zo gyaran kicin a gidanmu na Gusau, uwargida ta nace sai farar marmara, ni kuma na fi son giranit, dutsen nan mai ɗigo-ɗigo, dangin na Kwatarkwashi. Muka raba gardama: marmara wajen wanke-wanke, giranit gefen murhu.

Marmara akwai kyau, ba musu, ga sanyi da bazara. Amma ba ta da juriya. Da azumi ruwan tsamiyar kunu ya zuba a kanta, kafin a sha ruwa wurin ya dusashe, har yau tabon na nan kamar kyasbi. Duk wani abu mai tsami cin ta yake, har tumatir. Yashin ƙurar hunturu ma yana karce ta in an goge da busasshen tsumma.

Giranit kuwa ko a jikinsa. Ana sauke masa tukunya da zafinta, wuƙa ba ta kama shi. Manja ne babban abokin gabarsa: in ya kwana, sai ya shige ƙananan ƙofofin dutsen. Don gane ko ƙofofin a buɗe suke, ɗiga ruwa a kan dutsen ka gani. In wurin ya yi duhu bayan minti 15, lokacin shafa maganin toshe ƙofofin ya yi. Sauran ranaku, ruwan ɗumi da ɗan sabulu sun wadatar.