Matajin ƙarfe ya fi buroshi ga kyanwa mai dogon gashi

In abu ɗaya mai kiwon kyanwa mai dogon gashi zai saya, to ya sayi matajin ƙarfe mai baki biyu, rabin haƙoransa da tazara, rabin a matse. Na daɗe ina taje muzuruna da shi, jinsin Maine Coon ne, kuma har yau ban ga abin da ya kama ƙafarsa ba.

Asalin wannan jinsi jihar Maine ce ta Amurka, wadda ta ɗauke shi a matsayin kyanwarta a hukumance a 1985. Ƙasar sanyi ce, shi ya sa gashin yake hawa biyu: dogo mai santsi a sama, mai laushi a ƙasa kusa da fata. A na ƙasan nan matsala take. Buroshi mai laushi sama kawai yake shafa, sai ka ga kyanwa tana sheƙi, alhali gashi ya cukurkuɗe a hammata, da bayan kunne, da ƙasan ciki, da bayan cinyoyi. Mataji kuwa har fata yake isa. Nakan buɗe gashin da yatsa, in fara da haƙora masu tazara, kaɗan-kaɗan, in bi da matsattsun. Duk inda ya tsaya, akwai ƙulli. Sai in riƙe tushen gashin don kada fata ta ja, in warware daga baki.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne yadda zanen jikin muzuruna ke fitowa. Zanen da ake kira tabi ba jinsi ba ne, ado ne da ake samu a jinsuna da yawa, kuma iri huɗu ne: mai siraran ratsi da ke gangarowa daga gadon baya kamar ƙayar kifi, da mai faffaɗan zane da ke murɗawa a haƙarƙari, da mai ɗigo-ɗigo, da wanda kowane silin gashi ke da launi hawa-hawa. Dukansu akwai alamar M a goshi. Nawa mai murɗaɗɗen zane ne, baƙi a kan ruwan ƙasa. Dogon gashi yakan dusashe zane, balle in mataccen gashi ya taru. Amma da an taje shi ya kwanta, sai zoben da ke gefen cikinsa ya fito ras, ratsin ƙafafu ma haka.

Halinsa ma ya taimaka. Maine Coon tana da girman jiki, amma akwai haƙuri da son mutane, ba ta cika kuka da ƙarfi ba, sai wata 'yar siririyar murya. Nawa da ya ga mataji yake miƙa wuya. Ciki ne kaɗai ba ya so a daɗe a kai, da wutsiya ta fara kaɗawa nake dakatawa. Sau biyu ko uku a mako ya ishe shi, saɓanin kyanwar Farisa da ke buƙatar taza kullum. Aman dunƙulen gashi ma ya ragu sosai, tunda abin da zai haɗiye wajen lasar jiki mataji ya riga ya kwashe.

Ba zan ce matajin ba shi da aibu ba. Ba shi da mariƙi, hannu yakan gaji, kuma wajen saye a shafa bakin haƙoran a tafin hannu, in suna da tsini a bar shi. Sannan ƙullin da ya riga ya daskare ya manne da fata ya fi ƙarfinsa. Irin wannan kada a kusance shi da almakashi, fatar kyanwa siririya ce, tana shigewa cikin ƙullin ba a sani ba. A kai ta wurin likitan dabbobi ya aske da inji.