Kwana biyu a keken makiyaya a tsaunukan Idaho

Watan Yuli da ya wuce muka biya wani gidan gona a jihar Idaho ta Amurka, suna da wani tsari da za su kai ka har inda tumakinsu ke kiwo a dajin gwamnati na Sawtooth ka kwana biyu tare da makiyayin. Gaskiya kuɗin bai tafi a banza ba, amma duk wanda ya zo da tunanin otal zai sha mamaki.

Masaukin wani keke ne, wato ɗan ɗaki a kan tayoyi, mai rufin kwano, ciki gado ɗaya, murhun itace, ɗan tebur da ake jawowa daga ƙarƙashin gadon, shi ke nan. Ba banɗaki, ba netwok, caji sai ɗan sola. Sanyi kuwa ko a Yuli da asuba sai da haƙorana suka riƙa kaɗawa, kuma ba wanda ya ce mana mu taho da rigar sanyi mai kauri, nan kam sun gaza.

Makiyayin ɗan ƙasar Peru ne, yawancinsu yanzu daga can ake ɗauko su da bizar H-2A (ta aikin gona na wucin gadi), da can 'yan Basque (wani yanki tsakanin Sifen da Faransa) ne ke aikin. Shi kaɗai da doki da karnuka yake juya tumaki sun kai dubu banda 'ya'yansu, wallahi na tsaya ina kallo baki buɗe yadda fito ɗaya zai yi ƙananan karnukan su kewaye garken, manyan fararen kuma ba ruwansu da kora, nasu gadi ne saboda kerkeci da koyot (wani irin dila), cikin dare haushinsu ya hana ni barci amma shi ko a jikinsa.

Abin da ya fi burge ni mai gidan bai ɓoye mana komai ba. Ya ce dajin ba nasu ba ne, famit hukumar gandun daji ke ba su, ita ke yanka ranar shiga da ranar fita da yawan dabbobi, ba a so garke ya daɗe yana kwana wuri ɗaya kar ciyawa ta mutu. Kuɗin kiwon a 2024 dala 1.35 ne kan tumaki biyar a wata, ni dai na ga kamar kyauta, shi kuma ya ce in lissafa abin da kerkeci ke ci tukuna.

Abinci wake ne da burodi da kofi safe da yamma, na gaji da shi tun rana ta biyu. In za ku je ku tafi da naku guzurin, da tocila, da takalmin hawan dutse.