Goge TLB shafi-shafi ko goge shi gaba ɗaya

A mafi yawan lokutan da kernel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, ya sauya bayanin wani shafi (ƙaramin yanki na ƙwaƙwalwa) a teburin shafukan ƙwaƙwalwa, wanda ke fassara adireshin da shiri ke gani zuwa ainihin wurinsa, wajibi ne ya goge tsohuwar fassarar adireshin daga TLB, ƙaramin rumbun da na'urar sarrafawa ke ajiye fassarorin da ta yi aiki da su kwanan nan. A kan x86, wato tsarin na'urorin sarrafawa na Intel da AMD, manyan hanyoyi biyu gare shi.

Ta farko ita ce umarnin INVLPG, wanda ke cire fassarar shafi guda mai kilobait 4 ya bar sauran yadda suke. Tana da tsafta, sai dai idan shafukan sun kai ɗaruruwa, maimaita umarnin yana cin lokaci sosai.

Ta biyu kuwa ita ce sake rubuta rajistar CR3, ma'ajiyar da ke nuna inda teburin yake, abin da ke share fassarorin shirin da ke gudana a tashi ɗaya. Umarnin kansa ba shi da tsada, amma nauyinsa na zuwa daga baya, domin kowane adireshin da shirin ya taɓa sai an sake bin matakan teburin kafin a same shi, kuma wannan asarar tana da wuyar aunawa, shi ya sa na fi jin tsoronta.

Linux ya sa iyaka a shafi 33: abin da ya wuce haka, share duka yake yi.